Man da Na Shafa wa Mahaifina Kafin Aski

Gidanmu yana cikin unguwar Gobarau, kuma tun da na yi wayo har zuwa bara ban san wata Alhamis da ta wuce ba a yi wa mahaifina aski a zaure ba, sai fa idan ya yi tafiya. Mai askin mutum ɗaya ne, wani dattijo siriri daga Ƙofar Guga, wanda ya gaji askin gidanmu daga wurin mahaifinsa kamar yadda ya gaji zabirarsa, wato jakar fatar da wanzamai ke zuba kayan aikinsu. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, kuma shi ya riƙa aske kakana har zuwa makon da ya rasu. Ba shi da sarautar komai, amma mahaifina ba ya kiransa da wani suna sai Sarkin Aska, shi kuwa ya amsa kamar an naɗa masa rawani. Mu 'ya'yan gida Baba wanzami muke ce masa.

Da hantsi yake zuwa, bayan mahaifina ya karya kumallo, kafin ya fita Babbar Kasuwa inda yake sayar da yadi. Yakan jingine kekensa a jikin dakali, ya yi sallama, su daɗe suna gaisawa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi masu jiki na unguwannin biyu, sannan mahaifina ya cire hula ya zauna a kan tabarma. Da ruwa yake farawa. Yakan tsoma yatsu a ɗan ƙoƙo, ya shafa a kan, ya murza, ya sake tsomawa, ya sake murzawa, har mai kallo ya ƙosa. Bayan haka sai sabulun salo kaɗan. Sannan ya wasa aska a dutse, ya goga ta a tafin hannu, ya sa yatsu biyu na hannun hagu ya miƙe fatar, aska ta bi bayansu. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin jini a kan mahaifina ba. Mahaifina ma yakan faɗi haka a gaban baƙi, wanzamin kuwa ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da naɗe zabira.

Na dawo gida bara, bayan na gama jami'a na kuma gama bautar ƙasa a wata makarantar sakandare a Kudu. Dawowata ta zo daidai da watannin da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Hotunan 'yan takara suna nan a jikin bangaye, ruwan damina ya fara ɓantare su, kuma duk inda mutum ya zauna ba a rasa rediyo. Ni kuwa ina jiran takardar ɗaukar aiki daga Kaduna, an ce sai sabuwar gwamnati ta zauna. Ba ni da abin yi sai karatu da safe, raka mahaifina kasuwa wani lokaci, da cin tuwon sabon gero da na yi shekara ina marmari. Zaman ya yi mini daɗi, ban ɓoye ba.

Cikin kayan da na dawo da su akwai wata 'yar kwalba da ba ta fi tsawon yatsa ba. A wani babban kanti na saye ta a Ikko, irin kantunan da ke sayar da kayan Turai. Mai ne da ake shafawa a fuska kafin a yi aski, ruwan ɗorawa, mai ƙamshi kamar na kanumfari. Dalilin sayensa shi ne ƙurajen da suka dame ni a ƙarƙashin muƙamuƙi tun ina jami'a, lokacin da na fara gyara fuskata da kaina da reza. Da na fara amfani da man, sai ƙurajen suka ragu. Na ɗauka ke nan na gano wata gaskiya da mutanenmu ba su sani ba, kuma ina daga cikin mutanen da idan suka gano abu ba sa iya riƙe shi a ciki. Ban lura ba a lokacin cewa tun da na sayi man na koma yin gyaran fuska bayan wanka, a natse, domin ina tausayin man kada ya tafi a banza.

Wata Laraba da yamma na ga mahaifina yana sosa ƙeya, yana cewa tun da zafin ƙarshen damina ya shigo wurin yake yi masa ƙaiƙayi bayan aski. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar, na yi masa bayani mai tsawo. Ya saurare ni kamar yadda yake sauraron duk abin da na kawo daga makaranta, da haƙuri da ɗan murmushi, ya shinshina bakin kwalbar, ya ce, "To, gobe ka shafa mini mu gani. Ai ba don ado aka tura ka karatu ba."

Washegari na riga wanzamin shiga zaure. Na yi lissafi cewa tun da kai ya fi fuska faɗi, ya kamata a ba shi mai fiye da na fuska, saboda haka na zuba kusan cikin tafin hannu, na shafe busasshen kan mahaifina tun daga goshi har ƙeya, na murza sosai har ya yi ƙyalli. Ban taɓa zama wurin askinsu ba tun da na girma, amma ran nan na shimfiɗa buzu a gefe na zauna.

Baba wanzami ya iso, aka gaisa, ya tambaye ni labarin takardar Kaduna, na ce ana nan ana jira. Ya durƙusa a bayan mahaifina, ya tsoma yatsu a ƙoƙo ya ɗora a kan. Ruwan bai zauna ba. Ya tattaru ya yi ƙwaya-ƙwaya, ya gangaro ta bayan kunne ya sauka a wuyan riga. Ya sake shafawa, ya sake gangarowa. Ya murza yatsunsa biyu a iska, ya kai su hanci. Zan rubuta maganarsa yadda ya yi ta, da Katsinancinsa.

"Alhaji, mi aka shafa ma kan nan?"

"Tambayi mai digiri," in ji mahaifina. "Shi ya zo mana da shi daga Ikko."

Na gyara zama. Na ce, "Baba, mai ne da ake shafawa kafin aski. Amfaninsa shi ne ya tsare fata daga cutarwar aska, domin hannun mai aski ba kullum ne yake sanin nauyinsa ba. Idan akwai mai tsakanin ƙarfe da fata, ko an danna fiye da kima ba za a ji ciwo ba."

Na tuna cewa na ji daɗin yadda jimlar ta fito.

"Cutarwar aska," wanzamin ya maimaita a hankali. Sannan ya ce, "To."

Ya goga sabulu, kumfa ta ƙi tashi. Yanzu na san abin da ya kamata ya yi, kuma shi ma ya sani: ya nemi ruwan ɗumi ya wanke kan tas, ya fara daga farko. Amma yin haka na nufin ya wanke abin da ɗan mai gida ya shafa, a gaban mai gida, bayan mai gida ya yarda da shi. Bai yi ba. Ya wasa aska ya fara. Na ga yatsunsa na hagu suna neman inda za su kama suna zamewa, yana goge su a gwiwar wandonsa yana komawa. Ya gama gaba, ya gama tsakiya, a hankali fiye da yadda ya saba. Da ya kai bayan kunnen dama, inda fata ke da laushi, yatsun suka suɓuce, fatar ta tattaru, aska ta ci. Yankan bai kai tsawon farce ba, amma jinin ya haɗu da mai ya bazu, ya yi kamar ya fi haka.

"Ba komai, Sarkin Aska," in ji mahaifina. "Ko ji ban yi ba."

Wanzamin ya ajiye askar. Ya ɗebo wani garin magani daga zabira ya danna a wurin da babban yatsa har jinin ya tsaya, ya ƙarasa askin, ya wanke askarsa, ya naɗe kayansa. Al'adarsu ce idan an gama su raba goro su ɗan taɓa hira a kan labaran rediyo. Ran nan ya ce ana jiransa a wani gida, ya yi sallama ya ja kekensa. Ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne dattijon bai saba da man ba, kuma da sannu zai saba.

Alhamis ta zagayo, mahaifina ya zauna a zaure da hularsa a gwiwa har rana ta ɗaga. Babu wanda ya zo. Ya mayar da hular ya tafi kasuwa. A makon ne aka rantsar da sabuwar gwamnati, gari ya cika da maganarta, amma a gidanmu abin da ake sauraro shi ne ƙarar keke a bakin dakali. Bayan kwana biyu mahaifina ya haɗu da wanzamin a wurin wata jana'iza. Abin da mahaifina ya gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta gaya mini, shi ne wanzamin ya ce hannunsa ya tsufa, Alhaji ya yi haƙuri ya nemi mai sauran ƙarfi.

Da Alhamis ta biyu ta wuce haka, sai na ce wa mahaifina akwai shagon aski kusa da kasuwa inda ake yi da inji, ko kuma ni in yi masa da rezata. Bai ɗaga murya ba, kuma bai taɓa ce mini ga laifina ba, ko a lokacin ko daga baya. Cewa kawai ya yi, "Kan nan hannu ɗaya ya sani. A bar shi." Gashin ya tofo. A nan ne na fara ganin cewa kan mahaifina fari ne fat, babu baƙi ko ɗaya, abin da askin kowane mako ya ɓoye mini. Ran Juma'a ya naɗa rawaninsa ƙasa-ƙasa har ya rufe ƙeya, ya tafi masallaci. Mutum ne da bai taɓa shiga sahun Juma'a da gashin da ya wuce kwana ɗaya ba, kuma na ga yadda yake kai hannu yana gyara rawanin a hanya.

Na sami mahaifiyata a tsakar gida tana tankaɗe. Na ce mata ban gane yadda ɗan yanka irin wannan zai raba mutanen da suka fi shekara talatin tare ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai dai yankan ka gani."

"To, me ya rage, Inna?"

"Ka ce masa a tsare kan mahaifinka daga askarsa. A gaban mahaifinka ka faɗa, mahaifinka kuma bai ce a'a ba. Sai jinin ya fito ya ba ka gaskiya. Da wane ido kake so ya dawo?"

Na zauna kusa da ita. Daga baya na ce, "Me zan ce masa?"

"Wannan kuma kai ka fi ni iya magana," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na ɗauki maganar da gaske, domin haka nake ɗaukar magana. Na zauna na rubuta neman afuwa a takarda, na gyara, na sake gyarawa, na cire duk kalmar Turanci, na haddace. Ran Talata da safe na sa kaftani da hula, na jefa kwalbar a aljihu ba tare da na san abin da zan yi da ita ba, na taka zuwa Ƙofar Guga.

A ƙofar gidansa na same shi, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogonyaro, inda yake yi wa masu wucewa aski. Hannun da aka ce ya tsufa yana kan aiki. Wani makiyayi ne a gabansa, wanda ya shigo gari da safe, ya jingine sandarsa a jikin bishiyar. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini tabarma. Na zauna ina kallo. Fatar kan makiyayin ta bushe har ta yi fari-fari saboda rana. Wanzamin ya jiƙa kan, ya murza, ya daɗe yana yi. Sannan, abin da ya ba ni mamaki, ya buɗe wani ɗan gwangwani ya lakato man shanu, abin da bai fi ƙwayar gero uku ba, ya narkar da shi a tafin hannu, ya shafa a wuraren da suka fi bushewa. Ya wanke yatsunsa da sabulu, ya goge su a tsumma, sannan ya ɗauki aska.

Da makiyayin ya tafi, muka gaisa yadda ya kamata. Ya tambayi Alhaji, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi takardar Kaduna. Sannan na durƙusa na karanto abin da na haddace daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya saurara yana wasa askarsa.

"Hausarka ta yi kyau," ya ce. "Ba komai wallahi. Yaro ba shi laifi ga ubanshi. Ka gaida Alhaji."

"Baba, za ku zo jibi?"

"Ai na hwaɗa ma Alhaji. Hannun ne."

Ya ci gaba da wasa askar. Na gane an sallame ni. Na zauna ina duban gashin makiyayin da ke zube a ƙasa, ina neman wata jimla da ta fi ta farko, ban samu ba. Sai na tuna cewa rabon da hannunsa ya taɓa kaina tun ina ajin farko na sakandare. Tun daga nan na koma shagon masu inji, a jami'a kuma na bi sahun abokaina na tara gashi, ba mai yawa kamar nasu ba, amma dai ina taje shi kowace safiya da matajin ƙarfe, kuma ina son sa fiye da yadda zan yarda in faɗa. Duk shekarun nan yana ganina da shi a gidanmu bai taɓa cewa uffan ba.

Na cire hular na ajiye a gwiwa, na matsa na zauna inda makiyayin ya tashi.

Ya daina wasa askar. Ya dube ni, ya dubi kan.

"Wanga dajin kake so in shiga?"

"Eh, Baba."

"Gyara ko duka?"

"Yadda kuke yi wa Alhaji."

"Mai digiri, in na hwara ba ni tsayawa tsaka. Kada gobe ka tahi Kaduna su ce ina gashin da aka ba takarda."

"Ba gashin suka ɗauka aiki ba, Baba."

"Ba su ɗauki kowa ba tukuna," ya ce, ya laluba zabira ya fito da almakashi.

Gashin shekara biyar ya zube a cinyata cikin ɗan lokaci. Sannan ruwa ya zo. Na sha kallon wannan murzar ina ganin ɓata lokaci ce, amma ban taɓa jin ta a kaina ina babba ba. Ruwan yana da ɗan ɗumi domin ƙoƙon a rana yake ajiye shi. Yatsun suna zagayawa, suna komawa inda suka baro, har na ji fatar ta saki, gashin ya daina tsikarar hannunsa. Ya ce mini gashi busasshe kamar kara yake, jiƙaƙƙe kuwa kamar ɗanyen haki, kuma ruwa ne kawai ke shiga cikinsa. Da askar ta hau, ƙararta kawai nake ji kusa da kunne, sai kuma iska mai sanyi a inda ta wuce.

Da ya gama kan, ya ce, "Ka zo da shi?"

Na ciro kwalbar na miƙa masa. Ya ɗaga ta a hasken rana, ya buɗe, ya shinshina, ya ɗiga a bayan hannunsa ya murza.

"Mai ne mai kyau," ya ce. "Siriri ne, ba shi da nauyi. Nawa ka zuba ma Alhaji?"

Na nuna masa da tafin hannu.

"Bisa busasshen kai?"

"Eh."

"Da ka ƙara albasa sai a soya shi." Ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwana. "Ka rufe gashin da mai, ta ina ruwa za shi shiga? Ni kuma ta ina zan kama? Ɗaga haɓarka in gani."

Ya duba ƙarƙashin muƙamuƙina inda tabon ƙurajen yake, ya shafa da yatsa sama da ƙasa. Ya ce gashin wurin a karkace yake fitowa, ni kuma ina binsa da reza ta inda bai kwanta ba, kuma da gani nakan maimaita wuri ɗaya sau uku ko huɗu da rezar da ta gaji. Gaskiya ya faɗa. Ya jiƙa fuskar duka, ya daɗe, sannan ya ɗiga man sau biyu ya shafa a ɓangaren dama kaɗai, ya wanke yatsunsa, ya sa sabulu a ɓangarorin biyu. Ya aske dama, ya aske hagu, kowanne bi ɗaya. Ya ba ni ɗan madubinsa mai tsaga a gefe.

"To, malamin makaranta, yi mana hukunci."

Na shafa nan, na shafa can. Ina so ƙwarai in sami bambanci, domin kwalbar tawa ce. Na gaya masa abin da na ji ba ƙari: a kunci babu wani bambanci ko kaɗan, a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda tabon yake, askar ta ɗan fi tafiya da sauƙi a dama, kuma da ya watsa ruwa hagun ya ɗan fi yin raɗaɗi.

"Haka ne," ya ce. "Shina da amfaninshi, ga mai busasshiyar hwata ko mai tabo. Bayan ruwa, ɗigo biyu. Wanda hwatarshi ke lafiya ya bar kuɗinshi ya sayi goro."

"Ƙaiƙayin Alhaji fa?"

"Zufa ce da rawani. In sanyi ya shigo za shi bari. Duk shekara shina yi, bai dai taɓa samun mai digirin da za shi kai ma ƙara ba."

Ya mayar mini da kwalbar. Na so in sake tambayarsa maganar Alhamis, sai na ga gara in yi shiru. Na yi godiya, na sa hula, ta zurma har kunne. Ya ce in gaida Alhaji.

A gida na sami mahaifina ya dawo daga kasuwa, yana shirin fita sallar Azahar. Ya dubi hular, ya ce in cire. Na cire. Ya zagaya bayana ya duba ƙeya da bayan kunnuwa, kamar mai duba yadi kafin ya saya, sannan ya ce, "Wannan aikin na san mai shi." Muka tafi masallaci tare.

Abokai biyu da muka yi jami'a tare sun tambaye ni daga baya ko man ya cancanci a saya, kuma amsar da na ba su ita ce wadda zan rubuta a nan. Wanda yake jiƙa fuskarsa sosai da ruwan ɗumi, yake amfani da reza mai kaifi, yake bin gashi ta inda ya kwanta, ba ya buƙatarsa. Wanda fatarsa ke bushewa ko take da tabo zai sami ɗan sauƙi, idan ya shafa kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar fata, kuma man shanu ko man kaɗe na gida zai yi masa kusan abin da na kwalba zai yi, sai dai ƙamshi. Wanda kuwa wani ne ke yi masa aski, to mai askin ne zai faɗi abin da za a shafa. Ni har yanzu nakan ɗiga sau biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma idan kwalbar ta ƙare ba zan aika Ikko neman wata ba.

Ran Alhamis da hantsi muna zaure ni da mahaifina, babu wanda ya ce ga abin da muke jira. Aka jingine keke a jikin dakali, aka yi sallama.

"Sarkin Aska," in ji mahaifina bayan an gaisa, "sojoji sun tafi, kai ma sai ka bi su?"

"Su sun samu wanda za su miƙa mawa, Alhaji. Ni na duba ban ishe kowa ba." Ya durƙusa ya dubi farin gashin na mako uku. "Ashe haka ka tsufa ban sani ba."

"Kai ka riƙa ɓoyewa."

Na ɗauko ruwan da na ɗumama na zuba masa a ƙoƙo, na koma gefe. Ya tsoma yatsu ya fara murzawa. Mahaifina ya soma ba shi labarin wani ɗan kasuwa da ke neman kujerar kwamishina alhali bai iya auna yadi ba, muryarsa tana raguwa, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. Kafin sabulu ya hau, labarin ya yanke, haɓarsa ta sauka a ƙirji. Barci ya ɗauke shi.

Wanzamin ya goga askar a tafin hannu, ya yafito ni da kai. Ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ya tashe shi.

"Zo tallabe mani goshin nan. A hankali. Kada ka danna."

Na matsa na sa tafin hannuna a goshin mahaifina, shi kuma ya fara daga ƙeya.